BABI NA BIYU: TARIHIN WASANNIN BIDIYO NA DAURI DA NA'URORIN HANNU MASU KWAIKWAYON SU

2.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin manufar wannan bincike da farfajiyarsa. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihi, domin a ga yadda aka yi har aka wayi gari mutum yana iya sanya dubban wasannin bidiyo na shekarun 1980 da na 1990 cikin aljihun rigarsa, a wata 'yar na'ura wadda ba ta fi tafin hannu ba. Bahaushe kan ce waiwaye adon tafiya. Wannan sha'awa ta buga tsofaffin wasanni ta samu ne daga haɗuwar abubuwa uku da kowanensu ya taso daga wata ƙasa daban: ƙaramar na'urar wasa ta hannu daga Japan, da dabarar kwaikwayon na'ura wadda ta faro a Amurka, da kuma masana'antun birnin Shenzhen na ƙasar Sin waɗanda suka karya farashin kayan lantarki.

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a daidaita wasu kalmomi. Abin da matasa ke kira "gem" shi ake nufi da wasan bidiyo a nan. Ɗan akwatin roba da ake cusa wa na'ura domin wasa ya fito kuwa, za a ci gaba da kiran sa kaset, kamar yadda masu sayar da shi a kasuwanninmu suke kiran sa. Ita kuma manhajar da ke sa wata na'ura ta yi aikin wata, an kira ta "manhajar kwaikwayo". Mai karatu ya lura kada ya haɗa wannan da wasan kwaikwayo na dandamali ko na talabijin, ko da yake akwai 'yar dangantaka ta ma'ana, tun da a nan ma wani abu ne yake shiga rigar wani.

2.1 Samuwar Na'urar Wasa ta Hannu

An kafa kamfanin Nintendo a birnin Kyoto a shekarar 1889, kuma sana'arsa ta farko ita ce buga katin karta irin na Japanawa. Sai da kamfanin ya shekara kusan 80 kafin ya tsunduma sosai cikin ƙera kayan wasan yara masu aiki da lantarki. Mutumin da ya fi taka rawa a wannan sauyi shi ne wani injiniya mai suna Gunpei Yokoi, wanda aka ɗauka aiki tun farko domin ya riƙa kula da injinan buga karta. Labarin da ya shahara shi ne, wata rana a cikin jirgin ƙasa ya ga wani ɗan kasuwa yana ta danne-dannen kalkuleta saboda zaman kaɗaici, sai ya yi tunanin a ƙera abin wasa ƙarami wanda babban mutum zai iya ɓoyewa a tafin hannunsa. Daga wannan tunani aka samar da Game & Watch a shekarar 1980. Kowace ɗaya wasa guda ne tak a cikinta, tare da agogo. A kan irin wannan na'ura ne, a samfurin Donkey Kong na 1982, aka fara sanya madanni mai siffar alamar tarawa wanda ake juya ɗan wasa da shi sama da ƙasa, hagu da dama. Har yau da wuya a ga na'urar wasa ta hannu da ba ta da shi.

Ba Nintendo ne ya fara yin na'urar hannu mai canjin kaset ba. Kamfanin Milton Bradley na Amurka ya fitar da Microvision tun 1979, sai dai ba ta yi nisan kwana ba. Wadda ta kafa tarihi ita ce Game Boy, da aka fitar a Japan ranar 21 ga Afrilu, 1989, aka kai ta Amurka a ƙarshen Yulin wannan shekara a kan kuɗi dala 89.99.

Idan aka dubi Game Boy da idon masu son sabon abu, babu abin burgewa a jikinta. Gilashinta ba ya nuna launi, inuwa huɗu ce kawai tsakanin fari-fari da duhu a kan wani kore mai kama da ruwan kududdufi. Ɗigon hotonta 160 ne a kwance, 144 a tsaye. Ba ta da fitila a ciki, saboda haka idan dare ya yi sai an matsa kusa da haske. A daidai wannan lokaci abokan gasarta, wato Lynx ta kamfanin Atari a 1989 da Game Gear ta kamfanin Sega a 1990, sun fito da gilashi mai launi da haske. Amma Game Gear batir 6 take ci, ta cinye su cikin awa 3 zuwa 5, alhali batir 4 na Game Boy kan kai mutum fiye da awa 15. Yokoi ya yi imani da cewa gara a ɗauki fasahar da ta tsufa, ta yi araha, aka san halinta, a nemo mata sabon amfani, da a bi fasahar da ke tashe mai tsada. Kasuwa ta gaskata shi. Game Boy da ƙanwarta mai launi ta 1998 an sayar da guda miliyan 118.69, ita kuwa Game Gear ta tsaya a wajen miliyan 10.

Wani abin da ya ɗaga Game Boy shi ne wasan Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a birnin Mosko a tsakiyar shekarun 1980, lokacin yana aiki a wata cibiyar kwamfuta ta Tarayyar Sobiyet. A 1989 wani ɗan kasuwa mai suna Henk Rogers ya je Mosko ya samo wa Nintendo izinin sanya wasan a na'urar hannu daga hukumar Elorg, wadda ke kula da sayar da manhajojin Sobiyet a ƙasashen waje. Shi Yokoi bai ga ƙarshen abin da ya shuka ba. Ya bar Nintendo a 1996, ya rasu a haɗarin mota a Oktoban 1997.

A ƙasar Hausa, yaran da suka riƙe Game Boy ta ainihi a wancan zamani 'yan ƙalilan ne, galibi 'ya'yan masu hali ko waɗanda aka yi wa tsaraba daga waje. Abin da ya game gari shi ne 'yar na'urar nan ta roba ƙirar ƙasar Sin mai wasan jera bulo, wadda ake rubuta wa a jiki cewa tana ɗauke da wasa 9999, alhali wasanni kaɗan ne ake maimaitawa da sauri daban-daban. Haka kuma na'urar da ake jona wa talabijin mai kaset ruwan ɗorawa, wadda yara suka buga Mario da harbin agwagwa a kanta, kwafi ce ta Famicom da Nintendo ya fitar a Japan a 1983. Wannan batu yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin ya nuna cewa tun asali ta hanyar kwafi ne waɗannan wasanni suka iso wa yawancin mutanen duniya, daga Rasha zuwa Barazil zuwa Nijeriya, a wuraren da kamfanonin da suka mallake su ba su buɗe kanti ba.

2.2 Asalin Dabarar Kwaikwayon Na'ura

Dabarar sa kwamfuta ta kwaikwayi wata ta girmi wasannin bidiyo na gida. A farkon shekarun 1960 kamfanin IBM yana shirin fitar da sabon jerin kwamfutoci mai suna System/360, wanda aka sanar a 1964, sai ya fuskanci wata matsala. Bankuna da ma'aikatun da suka sayi tsofaffin kwamfutocinsa sun kashe dukiya mai yawa wajen rubuta manhajoji, kuma waɗannan manhajoji ba za su yi aiki a kan sabuwar ba. Injiniyoyin kamfanin, cikinsu har da Larry Moss wanda ake danganta wa laƙaba wa dabarar suna, suka tsara yadda sabuwar na'ura za ta riƙa karɓar umarnin tsohuwa tana aiwatarwa. Ke nan tun ran gini, dalilin kwaikwayo shi ne kada aikin da aka yi jiya ya mutu tare da injin da aka yi shi dominsa.

Yadda abin yake aiki shi ne kamar haka. Kowane wasa jerin umarni ne da aka rubuta da harshen da ƙwaƙwalwar wata na'ura takamaimai take ji. Wasan Game Boy ba ya jin harshen wayar hannu, kamar yadda wasiƙar da aka rubuta da Japananci ba ta da amfani a hannun wanda bai iya ba. Manhajar kwaikwayo tafinta ce. Tana ɗaukar umarni ɗaya bayan ɗaya, ta fassara shi, ta kuma yi kamar ita ce sashen hoto da sashen sauti da madannan tsohuwar na'urar, har wasan ya ci gaba da gudana bai san an sauya masa gida ba. Shi kuma wasan, ana zuƙo shi ne daga cikin kaset da wata na'ura ta musamman a mayar da shi fayil, wanda ake kira rom. Waɗannan fayiloli ƙanana ne ƙwarai. Super Mario Bros. na 1985 bai wuce kilobayit 40 ba, Tetris na Game Boy kuwa 32 ne, wato hoto ɗaya da ake ɗauka da waya a yau ya ninka su sau da yawa.

Aikin tafinta yana cin ƙarfi, saboda haka dole na'urar da ke kwaikwayo ta fi wadda ake kwaikwaya ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa sai a tsakiyar shekarun 1990, da kwamfutocin gida suka yi ƙarfi kuma intanet ta fara yaɗuwa, abin ya kankama. Marat Fayzullin ya fitar da manhajar kwaikwayon Game Boy a 1995, da iNES a 1996. A Fabrairun 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara MAME, wadda ta tattara injinan wasa na shaguna irin waɗanda ake jefa wa kwabo. Shi wannan aiki tun farko masu yin sa sun bayyana cewa manufarsu ita ce adana bayanin yadda injinan suke aiki, buga wasan kuwa riba ce ta gefe. A wannan shekara dai NESticle da ZSNES suka fito, kyauta, kuma suna gudu ko a kan kwamfuta mai rauni. Saurin nasu ya samu ne ta hanyar yanke hanya, domin sukan yi wa sanannun wasanni kwaskwarima su bar sauran da kurakurai. Daga baya wasu manhajoji irin su bsnes, wadda aka fara a 2004, suka ɗauki hanyar kwaikwayon kowane bugun ƙwaƙwalwar na'ura daidai-wa-daida, ko da hakan zai buƙaci kwamfuta mai tsada. Wannan ja-in-ja tsakanin sauri da daidaito yana nan har yau a kan na'urorin hannu, inda batir da zafi suke iyakance ƙarfi.

2.3 Shari'o'in da Suka Buɗe Hanya

Muddin ana kwaikwayon na'urorin da aka daina sayarwa ne, kamfanoni ba su ɗaga hankali sosai ba. Abin ya sauya a 1999. A Janairun wannan shekara aka saki UltraHLE mai buga wasannin Nintendo 64, alhali na'urar tana kan ganiyarta a kasuwa. A cikin watan ne kuma kamfanin Connectix ya nuna manhajarsa mai suna Virtual Game Station a taron Macworld, wadda ke buga faya-fayan PlayStation a kan kwamfutar Macintosh, kuma Steve Jobs da kansa ya gabatar da ita. Kamfanin Sony ya garzaya kotu, yana mai cewa injiniyoyin Connectix sun kwafi manhajar da ke tayar da PlayStation a lokacin da suke nazarinta.

A Fabrairun 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da shiyya ta tara a Amurka ta yanke hukunci cewa kwafin da aka yi domin a fahimci yadda na'ura take aiki, a kuma rubuta wata manhaja sabuwa wadda ba ta ɗauke da rubutun Sony, halattaccen amfani ne. Kotun ta dogara da hukuncin da ta yanke a 1992 tsakanin Sega da Accolade. Wani ƙaramin kamfani mai suna Bleem shi ma ya yi ta kai ruwa rana da Sony, bai faɗi a kotu ba, amma kuɗin lauyoyi ya durƙusar da shi, ya rufe a Nuwamban 2001. Ita kuwa manhajar Connectix, Sony ya saye ta ya kashe ta. A nan akwai abin lura: doka ta ba ƙananan gaskiya, amma mai kuɗi ne ya tashi da kasuwa. Duk da haka hukuncin ya tsaya, kuma a inuwarsa ne duk masu rubuta manhajojin kwaikwayo suka fake tun daga lokacin. Abin da hukuncin bai halatta ba shi ne rarraba fayilolin wasannin su kansu, waɗanda haƙƙin mallakarsu yana hannun masu su.

2.4 Daga Koriya Zuwa Shenzhen

Na'urar hannu ta farko da ta yi suna wajen wannan aiki ba a ƙera ta dominsa ba. Kamfanin Game Park na Koriya ta Kudu ya fitar da GP32 a Nuwamban 2001 da nufin yin gasa da Game Boy Advance. Gasar ba ta yiwu ba, domin wasanninta kaɗan ne. Sai dai kamfanin ya bar ƙofa a buɗe ga duk mai son rubuta manhaja, kuma na'urar tana karɓar katin memori na gama-gari a maimakon kaset. Nan da nan masu sha'awa a Turai suka cika ta da manhajojin kwaikwayo. Wasu da suka ɓalle daga kamfanin suka fitar da GP2X a 2005, wadda ke aiki da Linux, kuma ita kam an san masu sayenta tun kafin a ƙera ta. A wannan shekara ne kuma aka fasa makullin PSP ta Sony, ta zama na'urar da matasa da yawa suka fara buga tsofaffin wasannin Nintendo da Sega a kanta.

A 2009 aka ga Dingoo A320 daga ƙasar Sin, 'yar ƙarama mai araha, wadda ta zo da manhajojin kwaikwayo a cikinta tun daga masana'anta. Manhajojin da ta zo da su ba su da inganci, sai masu amfani da ita suka ɗora mata Linux suka gyara. Wannan tsari, wato masana'anta ta ƙera jiki sannan 'yan sa-kai a wasu ƙasashe su yi masa rai ba tare da an biya su ko kwabo ba, shi ne ya zama al'adar wannan fage har yau. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne RetroArch, wadda aka fara a 2010 da wani suna, aka sauya mata zuwa wannan a 2012. Ita rumfa ce guda wadda ake shigo da manhajojin kwaikwayo daban-daban ƙarƙashinta, ta yadda mai ƙera na'ura ba sai ya sake aikin daga tushe ba.

Daga 2019 ne kasuwar ta buɗe sosai. Kamfanin Anbernic ya fitar da RG350 a wannan shekara. A farkon 2020 kamfanin Hardkernel na Koriya ya fitar da Odroid Go Advance mai ƙwaƙwalwar RK3326 ta kamfanin Rockchip, wadda asalinta an yi ta ne domin ƙananan kwamfutocin hannu masu araha, sai masana'antun Shenzhen suka ɗauki wannan tsari suka yi ta sake masa riga. Zaman gida na annobar korona ya ƙara wa abin kasuwa. Miyoo Mini ta biyo baya a ƙarshen 2021 da gilashi mai inci 2.8, kuma tsarin OnionOS da 'yan sa-kai suka rubuta mata ya fi na kamfanin farin jini. Zuwa 2023 an kai ga R36S, wadda ake samu a ƙasa da dala 50, tana kuma buga wasanni tun daga na Atari har zuwa PlayStation ta farko. Idan aka lura za a ga cewa tunanin Yokoi ne ya dawo ta bayan gida: tsohuwar ƙwaƙwalwa mai araha, an nemo mata sabon aiki. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, sai dai a wannan karo kamfanin da ya koyar da darasin ne ake shan zumarsa.

Akwai kuma ɓangaren masu hannu da shuni. Analogue Pocket ta Disamban 2021 ba ta amfani da tafinta, wata irin ƙwaƙwalwa gare ta da ake iya sake wa tsari ta koma kamar ta Game Boy, tana kuma karɓar kaset na ainihi. Gilashinta yana da ɗigo 1600 a kwance da 1440 a tsaye, wato ninki 10 cif na Game Boy. Masu wannan sha'awa sun damu ƙwarai da irin wannan lissafi, domin idan ninkin bai cika ba hoto yakan ɗan karkace. Saboda haka ne ma RG351P ta 2020 ta yi farin jini wurin masu son wasannin Game Boy Advance, tun da gilashinta mai 480 da 320 ninki biyu ne daidai na 240 da 160. Wanda ba ya cikin harkar zai ga kamar ɓata lokaci ne, amma haka kowace sha'awa take, mai kiwon tantabara ma yana ganin bambancin da wani ba ya gani.

Abin da waɗannan na'urori suka ƙara a kan na asali shi ne damar tsayar da wasa a kowane wuri a ajiye, a dawo a ci gaba, da damar hanzarta wuraren da ke da gundura. Wannan ya dace da waɗanda suka buga wasannin suna yara, yanzu kuma sun zama magidanta masu minti 10 kawai tsakanin aiki da aiki.

A Nijeriya na'urorin ba su yaɗu kamar a Turai da Amurka ba, amma dabarar kanta ta shiga hannun matasa ta wata ƙofa. Manhajar PPSSPP, wadda Henrik Rydgård ɗan ƙasar Suwidin ya fara a 2012 domin kwaikwayon PSP, tana cikin wayoyin samari masu yawa, suna buga wasan ƙwallon ƙafa na PES da aka sabunta wa 'yan wasa da riguna, suna tura wa juna ta Xender. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa riƙe PSP ba, ba su kuma ɗauki abin da suke yi a matsayin kwaikwayon na'ura ba. A wurinsu gem ne kawai.

2.5 Taƙaddamar Mallaka da Adanawa

Su kansu kamfanonin ba su ƙi dabarar ba idan a hannunsu take. Nintendo ya fara sayar da tsofaffin wasanninsa ta hanyar kwaikwayo a kan Wii a 2006, ya kuma fitar da NES Classic mai wasanni 30 a 2016. Abin da ya fi ban mamaki shi ne PlayStation Classic ta 2018, domin da aka bincika sai aka tarar Sony ya yi amfani da PCSX ReARMed, manhajar kyauta da 'yan sa-kai suka rubuta, irin wadda ya kai mutane kotu a kanta shekara 19 kafin nan.

Ta ɓangaren fayilolin wasanni kuwa, ba a yi sassauci ba. A 2018 Nintendo ya kai masu shafukan LoveROMs da LoveRETRO ƙara, abin da ya sa shafin EmuParadise ya janye fayilolinsa a Agustan shekarar, daga baya kuma aka ƙare da hukuncin biyan fiye da dala miliyan 12. A Maris na 2024 masu manhajar Yuzu mai kwaikwayon Switch suka amince su biya dala miliyan 2.4 su rufe. Hujjar da aka kafa a kansu ta shafi karya makullin sirri na wasanni ne, wanda dokar Amurka ta 1998 ta hana, saboda haka hukuncin Connectix bai rushe ba. Wata guda bayan haka kamfanin Apple ya ba da izinin sanya manhajojin kwaikwayon tsofaffin na'urori a kantinsa, manhajar Delta ta shiga sahun gaba nan take. A Satumban wannan shekara kuma 'yan sandan kuɗi na Italiya suka kama na'urori kimanin 12,000 da aka shigo da su daga Sin cike da wasannin da ba a biya haƙƙinsu ba. Gaskiyar magana ita ce, yawancin na'urori masu araha da katin memori cike da dubban wasanni ake sayar da su, kuma babu wata fassara ta doka da za ta wanke wannan.

Sai dai akwai ɗaya gefen. A Yulin 2023 cibiyar Video Game History Foundation ta fitar da wani bincike da ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a ko'ina. Kantunan intanet da kamfanoni suka buɗe su ma rufewa suke yi: na Wii ya rufe a Janairun 2019, na 3DS da Wii U suka daina sayarwa a Maris na 2023. Kayan asali kuma suna lalacewa. Akwai ɗan batir a cikin kaset da yawa na Game Boy wanda ke riƙe inda mai wasa ya tsaya, kuma na Pokémon Gold da Silver na 1999 sun fi saurin mutuwa saboda agogon da ke cikinsu. Wasu sassan Game Gear kan yi yoyo su cinye allon lantarkinta. Da yawa daga cikin wasannin da aka watsa ta tauraron ɗan Adam a Japan ta hanyar Satellaview daga 1995 ba a taɓa buga su a kaset na sayarwa ba, abin da ya tsira daga cikinsu masu sha'awa ne suka zuƙo daga tsofaffin katunan da aka manta ba a goge ba. Haka nan wasan Mother 3 na 2006, wanda Nintendo bai fitar da shi da Ingilishi ba, 'yan sa-kai ne suka fassara shi a 2008. Da ɗakunan karatu da na adana tarihi suka nemi a ba su damar nuna wa masu bincike tsofaffin wasanni daga nesa, ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi amincewa a Oktoban 2024.

A ganin mai wannan bincike, haɗa waɗannan abubuwa biyu a kwando ɗaya kuskure ne da ɓangarorin biyu suke yi da gangan. Wanda ya sauke wasan da aka fitar makon jiya ya ce adana tarihi yake yi, ya san ba haka ba ne. Kamfanin da ya hana a taɓa wasan da ya daina sayarwa shekara 30, wanda ko shi kansa wataƙila ba ya da kwafinsa, shi ma ba asarar ciniki yake karewa ba. Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan matsala. Finafinan bidiyo na Hausa na farko, tun daga Turmin Danya na 1990, a kaset ɗin bidiyo aka fitar da su, kuma zafi da ƙura ba sa barin irin wannan kaset. Da yawa daga abin da ake iya kallo a yau daga finafinan wancan zamani, wani ne ya juye tsohon kaset ɗinsa ya ɗora a YouTube ba tare da ya nemi izinin kowa ba, kuma mai nazarin da ke son rubutu a kansu sau da yawa wurin wannan mutum yake komawa. Masu shirya finafinan kuwa suna da gaskiya idan suka ce masu kwafi ne suka karya kasuwar faifai a Kano. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Maris na 2023 ta shafi finafinai da manhajojin kwamfuta baki ɗaya, kuma a babi na uku za a dubi tanade-tanadenta game da ɗakunan karatu da na adana kayan tarihi, a gwada su da halin da tsofaffin wasannin bidiyo suke ciki.